Yadda Ake Karanta Alƙaluman 'Yan Wasa Bayan An Tashi Wasan Ƙwallon Kwando

Ba kowane wasa mutum yake samun kallo ba. Sau da yawa abin da yake iso ka shi ne teburin alƙaluman da ake fitarwa bayan an tashi: sunayen 'yan wasa jere a hagu, lambobi cunkushe a dama, ga gajerun haruffa a saman kowane gida. Yawancin mutane gida ɗaya idonsu yake zuwa, wato gidan maki. Wanda ya fi maki shi ne gwarzo, shi ke nan sai a rufe shafi. Irin wannan karatu tamkar na ɗan kasuwar da yake ƙirga cinikinsa ne kullum, amma bai taɓa zama ya lissafa abin da ya kashe wajen saro kayan ba. A ƙwallon kwando babu makin da ake samu a banza. Abin da ake kashewa shi ne damar kai hari. Duk lokacin da ƙwallo ta shigo hannun ƙungiya, ko dai ta mai da ita maki, ko ta ɓarar da ita. Teburin yana ɗauke da abin da aka samu da abin da aka kashe, sai dai ka san gidan da za ka fara dubawa, kuma ba gidan maki ba ne.

Fara da sanin gasar da dokarta

Kafin ka dubi lambar kowa, tabbatar da wace gasa ce. A NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, minti 48 ake yi, zango huɗu na minti 12. A wasannin da ke bin dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, irin su gasar cin kofin duniya da Olamfik da yawancin gasannin Turai da Afirka, minti 40 ne, zango huɗu na minti 10. Saboda haka maki 20 a wasan FIBA sun fi maki 20 a NBA nauyi. Haka keta, wato laifin da ɗan wasa yake yi wa abokin hamayya a fili: a NBA sai ɗan wasa ya yi shida ake fitar da shi, a FIBA biyar. Layin maki uku ma ba ɗaya ba ne, na NBA mita 7.24 ne daga kwando in ban da kusurwa inda ya fi kusa, na FIBA kuwa mita 6.75.

Idan kana son sanin ko an yi ƙarin lokaci, tara mintunan 'yan wasan ƙungiya ɗaya. A NBA jimillar 240 ce, wato mutum biyar sau 48. Ka ga 265, to an ƙara minti biyar. A FIBA jimillar 200 ce.

Daga nan sai gidan mintuna

Gidan da aka rubuta MIN a kansa shi ne mabuɗin sauran. Maki 18 a minti 40 da maki 18 a minti 20 ba abu ɗaya ba ne. A watan Disamba na 2016, Klay Thompson na Golden State Warriors ya ci maki 60 a karawarsu da Indiana Pacers, amma abin da ya sa har yau ake tuna wasan shi ne cikin minti 29 ya ci su, bai ko taka fili a zango na huɗu ba.

Hanyar daidaita 'yan wasa biyu da ba su yi mintuna iri ɗaya ba ita ce ka raba makin da mintuna, ka ninka da 36, wanda shi ne kimanin abin da babban ɗan wasa yake bugawa a NBA. Mai maki 10 a minti 18 ya zama mai 20 ke nan. Amma yi hattara da wannan lissafi idan mintunan kaɗan ne. Wanda ya shigo na minti huɗu ya ci shida, lissafi zai ce maka zai ci 54, alhali kowa ya san ba haka ba ne. Ni dai ba na yarda da wannan ninki idan mintunan ba su kai 15 ba.

Sunaye biyar na sama su ne waɗanda suka fara wasa, na ƙasa 'yan benci ne. Idan ka ga tauraron ƙungiya da mintuna kaɗan, tsallaka kai tsaye zuwa gidan PF, gidan keta. In ka tarar da biyar ko shida, ka sami dalili: koci ne ya zaunar da shi don kada a kore shi, ko kuma an kore shi ɗin. In ba ka ga keta da yawa ba, dubi sakamakon wasan, domin idan tazara ta yi nisa akan hutar da manya tun kafin a tashi. In ba wannan ba ne kuma, to a nemi labarin rauni. Haruffan DNP a gaban suna suna nufin bai buga ba sam.

Gidajen jifa, inda aikin yake

A nan ya kamata ka fi daɗewa. Gidaje uku ne, kowanne da lamba biyu da ɗan layi a tsakani. Ta farko ita ce waɗanda suka shiga, ta biyu ita ce waɗanda aka jefa. FG shi ne duk jifan da aka yi ana cikin wasa, 3PT shi ne na bayan layin maki uku, FT kuma shi ne jifan kyauta da alƙalin wasa yake bayarwa bayan keta, kowanne maki ɗaya.

Abin da yake rikita sabon mai karatu shi ne jifan maki uku yana cikin FG, ba ƙari ba ne a kansa. Ga yadda za ka gane da kanka. A ranar 22 ga Janairu, 2006, Kobe Bryant na Los Angeles Lakers ya ci maki 81 a karawarsu da Toronto Raptors. Layinsa ya nuna FG 28-46, 3PT 7-13, FT 18-20. Ninka 28 da biyu, ka sami 56. Ƙara 7, domin kowane jifan nesa yana da maki ɗaya a kan biyun da ka riga ka ƙirga, ka sami 63. Ƙara 18 na kyauta, ga 81 cif. Wannan lissafi yana aiki a kan layin kowane ɗan wasa. Daga nan kuma za ka iya ciro jifansa na maki biyu: cire 7-13 daga 28-46, saura 21-33.

Akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ta a jikin teburin. Idan aka yi wa mutum keta yana cikin jifa kuma ƙwallon ba ta shiga ba, ba a ƙirga masa wannan jifa a FG, sai dai a ba shi na kyauta biyu, ko uku idan daga nesa ne. In ta shiga duk da ketar, an ƙirga ta, an kuma ƙara masa na kyauta ɗaya. Shi ya sa ɗan wasan da ya iya kutsawa cikin jama'a yana jawo keta za ka ga FG ɗinsa kaɗan, makinsa da yawa. Jifan da aka tare a sama kuwa ana ƙirga shi cikin waɗanda suka ɓaci.

To yanzu yaya za a auna ingancin jifa? Tsohon ma'auni shi ne a raba waɗanda suka shiga da waɗanda aka jefa. Na Kobe, 28 cikin 46, ya ba da kashi 60.9 cikin 100. Aibin wannan ma'auni shi ne yana yi wa jifan maki biyu da na maki uku kuɗin goro. Ɗauki misalin 'yan wasa biyu, kowanne ya jefa 20. Na farko ya zura 10, duk na kusa: kashi 50, maki 20. Na biyu ya zura 8 kacal, amma shida daga ciki na nesa ne: kashi 40, maki 22. Tsohon ma'auni ya fifita na farko, allon maki ya fifita na biyu, kuma allon maki ne ke raba gardama.

Gyaran farko shi ne abin da ake rubutawa eFG%. Ka ɗauki jifan da suka shiga, ka ƙara rabin adadin na nesa da suka shiga, sannan ka raba da jimillar jifa. Ɗan wasa na biyu: 8 da 3 sun zama 11, a raba da 20, kashi 55. Yanzu ya wuce na farko, kamar yadda ya dace.

Gyara na biyu, wanda ni a ganina shi ne lamba mafi amfani da mutum zai iya lissafawa da wayarsa cikin daƙiƙa talatin, shi ne TS%. Wannan ya haɗa har da jifan kyauta. Ninka adadin jifan kyauta da aka jefa da 0.44, ƙara jimillar jifan FG, ninka abin da ya fito da biyu, sannan ka raba maki da shi. Me ya sa 0.44 ba rabi ba? Domin ba kowane jifan kyauta biyu ne suke cinye hari guda ba. Akwai ɗaya da ake ƙarawa bayan ƙwallo ta shiga, akwai uku na jifan nesa, akwai na laifin rashin ɗa'a. Da aka haɗa su duka aka ga 0.44 ya fi kusa da gaskiya.

Mu gwada da Kobe. 20 sau 0.44 ya ba da 8.8. A ƙara 46, ya zama 54.8. Sau biyu, 109.6. A raba 81 da shi, kashi 73.9. Ga wani: a wasa na shida na ƙarshen kakar 2021, Giannis Antetokounmpo ya ci maki 50, Milwaukee Bucks ta doke Phoenix Suns 105 da 98 ta ɗauki kofi. Layinsa FG 16-25, FT 17-19, wanda ya ba da kusan kashi 75. Duk wanda ya san Giannis ya san jifan kyauta ne rauninsa, don haka 17-19 ɗin nan, ba 50 ɗin ba, ita ce lambar da ta fi ba da labarin daren. Shi kuwa Wilt Chamberlain, a wasan da ya ci maki 100 ranar 2 ga Maris, 1962, ya zura 36 cikin 63, da na kyauta 28 cikin 32, TS ɗinsa kusan kashi 65. A lokacin babu layin maki uku ma, sai a kakar 1979-80 NBA ta shigo da shi.

Lamba ba ta da ma'ana sai an san matsakaicin zamaninta. A shekarun nan matsakaicin TS na NBA yana tsakanin kashi 57 da 58, alhali a farkon shekarun 2000 wajen 52 yake. Kashi 55 da ya zama abin yabo a wancan lokaci, yau ƙasa da matsakaici ne. A ma'aunin kaka guda kuma, akwai wata alama da ake girmamawa: kashi 50 a FG, 40 a jifan nesa, 90 a na kyauta. Larry Bird ne ya fara cika ta a kakar 1986-87, Steve Nash ya yi sau huɗu, Stephen Curry ya yi a 2015-16, kakar da ya zura jifan nesa 402.

Asarar ƙwallo da miƙa ta

Bayan jifa, kada ka tafi ko'ina sai gidan TO, gidan asarar ƙwallo: an ƙwace masa, ya miƙa wa abokin hamayya, ya taka layi, ya yi tafiya da ƙwallo ba bugawa, ko ya bangaje mai tsaro. Asara ta fi jifan da ya ɓaci muni. Jifan da ya ɓaci aƙalla ya tashi sama, kuma abokin wasa yana iya cafe shi a sake gwadawa. Asara kuwa ko jifa ba a yi ba, sau da yawa ma maki biyu ne cikin sauƙi ga ɗaya ɓangaren.

Yanzu kana da abin da za ka lissafa jarin da ɗan wasa ya kashe: jifan FG, da 0.44 na jifan kyauta, da asara. Tara su, ka raba makinsa da jimillar. A NBA ta yanzu ƙungiya takan samu maki ɗaya da ɗan ɗoriya a kowane hari, wajen 1.1 zuwa 1.2. Wanda ya faɗi ƙasa da ɗaya ya cinye hare-haren da wataƙila da sun fi amfani a hannun wani.

AST shi ne miƙa ƙwallon da ta kai ga maki kai tsaye. A karanta shi tare da TO koyaushe. Ga mai raba ƙwallo, biyu a kan kowace asara ɗaya ba laifi, uku a kan ɗaya aiki ya yi kyau. Sai dai wannan gida yana da rauni biyu. Na farko, mutum ne yake zaune a gefen fili yana yanke hukunci ko miƙawar ce ta haifar da makin, kuma hannun wani ya fi na wani sakewa. Na biyu, idan ka miƙa wa abokinka ƙwallo shi kaɗai a ƙarƙashin kwando ya zubar, ba ka da komai. Haka idan aka yi masa keta ya zura na kyauta biyu, a NBA ba a rubuta maka. Wato adadin nan rabinsa aikinka ne, rabinsa hannun abokan wasanka. Mafi yawa da aka taɓa yi a wasa guda a NBA shi ne 30, na Scott Skiles na Orlando Magic a watan Disamba na 1990.

Cafke ƙwallon da ta dawo

REB shi ne cafe ƙwallon da ta bugi kwando ko allo ta dawo. Idan teburin ya raba shi biyu, OREB da DREB, to dubi rabon, kada ka tsaya a jimilla. DREB shi ne cafewa a kwandonku bayan abokan hamayya sun zubar. Mafi yawan ƙwallayen da suka ɓaci masu tsaro ne suke kwashe su, da yawa ma babu mai jayayya a kansu, har wani lokaci dogayen ƙungiya sukan bar wa tauraronsu ya ɗauka don ya fara hari da wuri. OREB kuwa cafewa ce a kwandon abokan hamayya, a tsakiyar mutanen da suka fi ka kusa da shi. Kowace ɗaya sabuwar dama ce, agogon jifa, wanda yake ba ƙungiya daƙiƙa 24 ta yi jifa, ya koma daƙiƙa 14. Mai OREB biyar ya fi mai DREB goma wahala, kuma galibi ya fi shi amfani.

Abin da wannan gida ba ya nunawa shi ne mutumin da ya sa bayansa ya tokare ƙaton abokan hamayya don abokinsa ya cafe. Shi sifili zai samu. Kuma idan ka tara na 'yan wasa ka ga bai kai yawan jifan da suka ɓaci ba, ba kuskure ba ne, akwai waɗanda ake rubuta wa ƙungiya, misali idan ƙwallon ta fita waje kafin kowa ya riƙe ta.

Game da tsofaffin alƙaluma, a yi musu adalci amma a san zamaninsu. Wilt Chamberlain ya cafe 55 a wasa guda da Boston Celtics a 1960. A wancan lokaci ana gudu sosai, ana jifa da yawa, ana kuma zubarwa da yawa, don haka ƙwallayen da ake cafewa sun fi na yau yawa nesa ba kusa ba.

Tsaro: inda teburin ya fi gazawa

Gida biyu kacal aka ba rabin wasa: STL na ƙwace ƙwallo, da BLK na tare jifa a sama. Ko su ɗin sai a kakar 1973-74 NBA ta fara rubuta su, shi ya sa Bill Russell, wanda ake sawa cikin manyan masu tsaro a tarihi, ba shi da ko ɗaya a rubuce. Hakeem Olajuwon ne yake riƙe da tarihin tare jifa da 3,830, John Stockton kuma na ƙwace da 3,265.

Kada ka auna mai tsaro da waɗannan gidaje kaɗai. Akwai mai barin mutuminsa ya tafi farautar ƙwace: sau biyu ya dace, sau shida ya bar ƙofa a buɗe, teburin kuma biyun kawai zai nuna maka. Akwai mai doke ƙwallo da ƙarfi ta faɗa cikin 'yan kallo, a yi ta sowa, amma ƙwallon ta koma hannun waɗanda suka jefa. Sannan akwai dogon da yake tsaye a ƙarƙashin kwando, tsoronsa ya hana kowa kusantowa, ya tashi wasa da tarewa ɗaya ko babu. Dabarar da take ɗan taimakawa ita ce ka tsallaka teburin ɗaya ƙungiyar, ka dubi layin wanda ya fi tsarewa. Idan mai cin 28 a kullum ya tashi da FG 5-19, wani ne ya hana shi sakat, ko da sunan wannan wanin bai yi fice a nasa teburin ba.

Gidan ƙari da ragi

Gida na ƙarshe, mai alamar +/-, yana faɗin tazarar maki a lokacin da ɗan wasa yake cikin fili. Idan an rubuta +12, ƙungiyarsa ta fi abokan hamayya da maki 12 a mintunansa. Jimillar na ƙungiya gaba ɗaya daidai take da tazarar wasan sau biyar, don haka a wasan da aka ci da tazarar 7, jimillar 35 ce.

Amfaninsa shi ne yana kama abin da sauran gidaje suka bari, irin su tsaro da tokare mutum da buɗe wa abokai fili. Illarsa kuma ita ce mutum tara ne suke tare da shi a filin. Wanda ya yi sa'ar shiga tare da tauraro zai kwashi ƙari ko bai taɓa ƙwallo ba. A wasa guda, ɗauke shi a matsayin tambaya, ba amsa ba. Inda ya fi jan hankali shi ne inda ya saɓa wa sakamako: an ci ƙungiya da 10 amma wani yana da +8 a minti 30. Ke nan a minti 18 da ya zauna an zura musu tazarar 18, kuma wannan abin bincike ne.

Goma-goma

Masu sharhi suna son ambaton wanda ya kai goma a gidaje biyu, ko a gidaje uku, galibi maki da cafewa da miƙawa. Oscar Robertson ya yi matsakaicin goma-goma a gida uku a kakar 1961-62 gaba ɗaya, ba a sake gani ba sai da Russell Westbrook ya yi a 2016-17. A gidaje huɗu kuwa mutum huɗu ne kacal a tarihin NBA: Nate Thurmond, Alvin Robertson, Hakeem Olajuwon da David Robinson. Abin burgewa ne, amma goma ba ta da wani sirri. Mai maki 35 da cafewa 9 da miƙawa 9 bai shiga sahun ba, mai 10 da 10 da 10 da asara bakwai ya shiga. Son cika goman ya taɓa sa Ricky Davis na Cleveland Cavaliers, a 2003, ya jefa ƙwallo a kwandon ƙungiyarsa da gangan don ya cafe ta goma, ba a kuwa ƙirga masa ba. Wanda ya fi koyar da karatun tebur shi ne na Draymond Green a 2017 a karawa da Memphis Grizzlies: ya kai goma a cafewa da miƙawa da ƙwace, makinsa kuwa huɗu.

Mu haɗa su a layi biyu

Ga misali na ƙirƙira, 'yan ƙungiya ɗaya. Na farko: minti 36, FG 11-28, 3PT 2-10, FT 6-8, cafewa 5 duk a kwandonsu, miƙawa 4, ƙwace 1, asara 6, maki 30. Na biyu: minti 31, FG 6-9, 3PT 3-5, FT 2-2, cafewa 6 uku daga ciki a kwandon abokan hamayya, miƙawa 5, ƙwace 2, asara 1, maki 17.

Kanun labarai na farkon za su ɗauka. Amma TS ɗinsa kashi 47.6 ne, kuma ya kashe hari kusan 37 da rabi kafin ya tara 30, wato 0.8 a kowane hari. Na biyu ya kashe kusan 11 ya samo 17, ya kuma ƙaro wa ƙungiya dama uku. Ma'aunin da FIBA take sawa a teburinta, EFF, yana tara maki da cafewa da miƙawa da ƙwace da tarewa, ya cire jifan da suka ɓaci da asara. Da shi na farko ya sami 15, na biyu 26.

Sai dai kada a yi saurin yanke hukunci. Mai yiwuwa na biyun ya sami jifansa tara a sarari ne domin mutum biyu suna manne da na farko. Mai yiwuwa kuma duk lokacin da agogon daƙiƙa 24 ya kusa ƙarewa, na farkon ake jefa wa ƙwallo ya san yadda zai yi da ita. Wanda yake jifa tara cikin inganci ba lallai ya riƙe ingancin ba idan aka ɗora masa 28. Abin da za ka iya faɗa da tabbaci shi ne na farko ya yi mummunan dare, na biyu ya yi kyakkyawa. Wane ne ya fi wani iya wasa, wannan wata magana ce da wasa guda ba ya amsawa.

Akwai wasu lambobin dunƙule da za ka ci karo da su, kamar PER da John Hollinger ya ƙirƙiro, wanda aka tsara matsakaicinsa ya zama 15 a kowace kaka. Suna da amfani wajen tace sunaye da sauri, amma da yake daga teburin nan aka gina su, sun gaji makantarsa a kan tsaro.

Layin ƙasa, na ƙungiya

Kafin ka rufe, sauka layin jimilla. Ƙiyasta yawan hare-haren wasan: jifan FG, a cire OREB, a ƙara asara, a ƙara 0.44 na jifan kyauta. A NBA ta yanzu yakan faɗo kusa da 100. Idan ya kai 110, wasan gudu aka yi, lambobin kowa sun kumbura. Idan 90 ne, maki 22 ma abin a yaba ne. Daga nan kwatanta ƙungiyoyin biyu a abubuwa huɗu da masanin alƙaluma Dean Oliver ya ware: ingancin jifa, asarar ƙwallo, cafewa a kwandon abokan hamayya, da samun jifan kyauta. Ya ba jifa nauyi mafi girma, kashi 40, sai asara 25, cafewa 20, jifan kyauta 15. Idan ka ga ƙungiyar da ta fi iya jifa ce ta sha kashi, kusan kullum amsar tana cikin sauran ukun: ɗaya ɓangaren ya yi jifa goma ko goma sha biyar fiye da ita.

Sannan dubi makin kowane zango, wanda yawanci yake saman teburin. In an shiga zango na huɗu da tazarar 25, duk abin da aka tara a cikinsa a rage masa daraja, domin 'yan benci ne suke fuskantar 'yan benci, tsaro kuma ya saki. Shafukan gasa da yawa suna ba ka damar tace teburin zango-zango, ko ka buɗe jerin abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa. Da shi za ka ga ko maki 30 ɗin nan an ci su ne wasa yana da zafi, ko bayan an riga an san mai nasara. Idan kuma jifan nesa ne ya ɗaga layin mutum ko ya kayar da shi, kamar 7-9 ko 0-8, buɗe wasanninsa goma na baya ka tara su wuri guda kafin ka ce ya gyaru ko ya lalace, domin jifan nesa ne ya fi kowane gida hawa da sauka daga dare zuwa dare.